Yadda Mis Odesa Ta Koya Mini Tsayuwa

Ranar Asabar da ta wuce, a falon 'yata a nan garin Laurel na jihar Maryland, na ji jikata Nafisa tana gaya wa ƙawayenta cewa in hutun makaranta ya zo za ta ɗan taɓa aikin share gidaje. Ɗaya ta tambaye ta ko ta taɓa yi. Ta ce, "Haba, klinin kuma har sai an koya? Ki buɗe waya, su turo miki adireshi, ki je ki share da injin bakyum ki fito." Suka yi dariya. Ni ina gefe da carbina, an ɗauka gyangyaɗi nake yi. To ba gyangyaɗi nake ba. Tunda kun dame ni sai na ba ku labari, ku kife wayoyin nan ku saurara, don aikin da kuke rainawa shi na yi tun ina da ƙuruciya har bayana ya ce ya gaji.

Na zo ƙasar nan 'yan shekaru bayan an ba mu mulkin kai, ina amarya. Malam, kakanku, Allah ya jiƙansa, direban wani babban ma'aikaci ne da aka turo ofishin jakadanci, ni kuma ina renon yaran gidan. Da aka kira maigidan ya koma gida, Malam ya ce mu tsaya mu gwada, ya samu tasi yana ja. Muka kama ɗaki a cikin Washington, a unguwar da duk baƙaƙe ne, don a lokacin ko kana da kuɗin ba za a ba ka haya a wata unguwar ba. Ba kamar yanzu ba da za ki shiga kanti a nan kusa da mu a Largo ki ji ana Hausa a bayanki. Sai mu yi wata ba mu ga wanda za mu yi wa sallama ya amsa ba.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda tasin Malam ta zame a kan ƙanƙara. Ƙafarsa ta karye, aka naɗe ta da filasta har cinya, likita ya ce sai dai haƙuri. Ga uwarki, ke Nafisa, ko yaye ta ba a yi ba. Ana cikin haka sai matar da ke zaune a ɗakin samanmu ta sauko da tukunyar wake. Sunanta Mis Odesa, baƙar Ba'amurkiya ce daga kudu, doguwa, ta ba hamsin baya, ba ta fita ko bakin ƙofa sai da hula a kanta. Ta dubi Malam, ta dubi jaririya, ta dubi hannuna, ta ce, "'Yar nan, kin iya guga?"

Na ce na iya. Ta hau sama ta sauko da farar rigar maza, ta ce in gwada. Na goge ta tsaf a ganina, na miƙa mata ina jiran yabo. Ta juya kwalar, ta nuna mini wani ɗan layi da ya kwanta a gefe, ta tsoma rigar cikin ruwa a gabana, ta ce in sake. Daga ranar na shiga makarantarta. Kwala ake fara gogewa, ta ciki kafin ta waje, daga baki zuwa tsakiya. Sai bakin hannu, sai kafaɗa, gaba shi ne ƙarshe don shi ido ke fara gani. Sitaci dafa shi ake yi, in ya yi kauri rigar ta tsaya kamar kwali maigida ya yi ƙorafin wuya, in ya yi ruwa kafin azahar ta yamutse. Ana yayyafa wa kaya ruwa a nannaɗe su su huce kafin a ɗora dutsen guga. Ta koya mini wanke gilashin taga da ruwan khal mai tsami da tsohuwar jarida, da goge cokulan azurfa har cikin zanen jikinsu, da shafa wa daɓen katako man sheƙi a fara daga lungu don kada mutum ya kulle kansa a tsakiyar ɗaki.

Sai kuma abin da ba na hannu ba. Ta ƙofar baya ake shiga, ko da ta gaba a buɗe take. A kowane gida akwai kofi ɗaya da faranti ɗaya da aka ware a can ƙarshen kanta, su ne naki, kada ki kuskura ki sha ruwa da wani. Banɗakinki yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa kusa da injin wanki. Za ki yi wa ɗansu wanka, ki tauna masa ma in ta kama, amma ba za ki zauna a kujerar da ya zauna ba. A wancan lokacin 'yan makaranta baƙaƙe suna ta shiga gidajen abinci na Turawa suna zama ana fitar da su da ƙarfi, muna gani a talabijin ɗin gidajen da muke aiki, da zarar Madam ta shigo sai mu sunkuyar da kai kan guga kamar ba mu gani ba.

Ku kuna da waya, mu bas muke da ita. Da sassafe take ɗaukarmu daga cikin gari ta haura da mu unguwannin Turawa na Maryland, da yamma ta dawo da mu. Duk mata ne, kowace da hularta da takalminta mai kyau, yunifom kuma yana cikin jaka, sai an shiga gidan aiki ake sawa. A cikin bas ɗin nan ake sanin gidan da ke neman mai guga, da gidan da karensa ke cizo, da gidan da maigidan ba ya iya riƙe hannunsa. In matan bas suka tsaya miki kin samu aiki, in suka juya miki baya ki nemi wata sana'a. Mis Odesa ce ta tsaya mini. Ta samo mini gida a layin da ita ma take aiki, ta ce wa matan, "Wannan tawa ce." A hanya ta ƙara ja mini kunne da abu ɗaya: "Da mofa mai doguwar sanda ake wanke ƙasa, kina tsaye. Kada ki sa gwiwa a ƙasa a gidan kowa." Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba. Na ɗauka shawara ce ta ciwon baya, na ce to.

Gidan da aka kai ni, Madam ɗin yarinya ce mai sanyin hali, mijinta ma'aikacin gwamnati. Amma akwai surukarta, uwar mijin, tsohuwa tukuf da aka ɗauko daga can kudu, kullum tana kujera a bakin taga da ƙararrawa a gefenta. Ranar farko aka ce in kai mata shayi. Na shiga da tire, na ga kai fari fat da furfura, ban san sanda gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Na gaishe ta, na miƙa kofin da hannu biyu, idona a ƙasa. Ku da kuke wuce babba a tsaye kuna ɗaga masa yatsu ba za ku gane ba. Mu a gidanmu a Gusau, yarinyar da ta miƙa wa tsohuwa ruwa a tsaye sai an yi mako ana zancenta.

Tsohuwa ta ƙura mini ido. Can ta ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Na ce, "Uwata."

Ta ce rabonta da ganin irin wannan ladabi tun tana yarinya a gonar kakanta. Na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina ashe su ma sun san tarbiyya. Ranar Laraba matan Turawan layin suka taru yin karta kamar yadda suka saba, ta yi ta kaɗa ƙararrawa, kawo shayi, kawo sukari, ɗauke kofi, ni kuma duk zuwa sai na durƙusa. Matan suna kallon juna suna murmushi. Kashegari ta sa aka fito da bokiti da buroshi, ta ce tunda durƙuso ba ya damuna, ƙasan kicin ya fi fita in an dirje shi da hannu. Ban ga abin kunya a ciki ba. Mu da muka tashi muna shara a duƙe muna yaɓe daɓe da tafin hannu? Na ɗaure ɗankwali na dirje shi lungu lungu, ya fita kuwa, har Madam ta kira maƙwabciyarta ta gani.

Ba a yi nisa ba na ga bas ta canza mini. In na shiga na yi gaisuwa sai hira ta tsaya cak. Wadda na saba zama kusa da ita ta ɗora jakarta a wurin. Mis Odesa kuma ta daina fitowa, na ɗauka ba ta da lafiya ne. Sai wata safiya wata mata mai suna Mis Lula, gajera mai kaifin baki, ta juyo daga kujerar gaba ta ce, "Ke ce 'yar Afirkan da ke rarrafe?" Ban gane ba, sai da ta fayyace mini. Duk matan gidajen layin sun fito da buroshi, suna cewa in 'yar Afirka za ta iya, me ya hana sauran. An miƙa wa Mis Odesa nata a gidan da ta raini 'ya'yansu har suka yi aure. Ta ce ba za ta yi ba, aka ce to ta ajiye aikin.

Na sunkuyar da kai. Matar da ta sauko mana da wake ta rasa abincinta ta dalilina, a shekarun da ba kowa zai ɗauke ta ba. Ni kuma in matan nan suka sake ni, ba ni da wani gida bayan wannan, ga Malam a kwance da jaririya a ƙirjinsa.

Da na dawo da yamma ko ɗakinmu ban shiga ba, na hau sama na ƙwanƙwasa. Tana buɗewa na zube a bakin ƙofa.

Ta ce, "Tashi. Abin da ya jawo duk wannan ke nan, kuma kin zo kina yi mini a ƙofa."

Na tashi. Ta zauna, ta naɗe safarta ƙasa, ta ce in duba. Gwiwoyinta sun yi baƙi sun yi kanta kamar na raƙumi. Ta ce tun tana ƙarama take dirjar ƙasan mutane, haka uwarta, kakarta kuwa a cikin bauta aka haife ta. Ta ce matan bas ɗin nan sun daɗe suna fama, gida bayan gida, wasu suka rasa aiki, kafin mofa ta samu shiga layin nan. Ba su da ƙungiya, ba su da lauya, ba wanda ya sa su a talabijin. Abin da suka samu ke nan, su yi aikinsu a tsaye.

Na ce, "Mis Odesa, mu a wurinmu ba don fatar mutum ake durƙusa masa ba, don shekarunsa ne. Ke ma ranar da kika fara shigowa ɗakinmu ai na durƙusa miki."

Ta dube ni. "Gaisuwa ce wannan? Na ɗauka allura kika yar kike nema."

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne. Ta ce, "Na yarda uwarki ta yi miki tarbiyya. Amma tsohuwar can ba uwarki take gani ba in kin durƙusa, gonar kakanta take gani, da bayin da ke cikinta. Yanzu ke kika sa gwiwa a ƙasa, ke za ki ɗaga ta. In kin ɗaga a gabansu, sauran za su samu bakin magana."

Na ce, "Za su kore ni."

Ta ce, "Mai yiwuwa ne."

Duk abin da na koya a sana'ar nan, ba wanda ya ba ni wuya kamar na Lahadin da ta biyo baya, a ɗakinta. Mis Odesa ta zauna a kujera ta zama tsohuwa, har da kaɗa cokali a jikin kofi a madadin ƙararrawa. Aikina in shigo da shayi a tsaye, in dubi fuskarta, in ajiye, sannan in ce, "A'a Madam, da mofa nake wanke ƙasa." Maganar ba ta da tsawo, amma in na dubi idonta sai muryar ta maƙale, in muryar ta fito sai gwiwa ta lanƙwashe. Duk lanƙwasa sai ta ɗan buga mini ludayi a ƙafa ta ce in koma bakin ƙofa. Malam yana jiyo mu daga ƙasa. Da na sauko ya ce shi dai bai taɓa jin inda aka biya kuɗin makaranta don a koyi rashin kunya ba, amma in je, Allah yana nan.

Ranar Litinin na shiga bas da mofar da Mis Odesa ta ara mini a hannu, sandarta ta fi ni tsawo. Duk matan suka gani. A gidan na canza kaya, na haɗa shayi, na shiga. Na tsaya a gaban tsohuwa na miƙa kofin. Ba ta karɓa ba, ta zuba wa gwiwoyina ido tana jira. Wallahi ji nake kamar ana jan su ƙasa da igiya, ga muryar uwata a kunnena. Na ajiye kofin a kan tebur na fita. Ban kai kicin ba ƙararrawa ta kaɗa. Ta nuna bokiti da buroshi. Na dubi fuskarta na faɗi abin da aka koya mini, kalma bayan kalma.

Ta kira Madam. Ita Madam ba muguwa ba ce, tsoron surukarta take yi, fuskarta ta yi ja tana ta murza hannu. Ta miƙo mini kwat ɗina ba ta dube ni ba. Tun hantsi ina waje, ta ƙofar baya.

Bas ɗinmu ba ta dawowa sai yamma. A unguwar ba inda baƙar mace za ta zauna. Kantin da ke kwana zai sayar miki da burodi amma ba zai bar ki ki ci a ciki ba. Na je wurin jiran bas na tsaya da mofa a hannu, sanyi yana shiga ta takalmi. Motar 'yan sanda ta wuce a hankali, ta zagayo ta sake wucewa. Ina ta tunanin da wane baki zan gaya wa Malam, da abin da za mu ba yarinya in madarar da ke gida ta ƙare.

Abin da ban sani ba, labari ya riga ni fita. Ƙofofin kicin na layin duk suna kallon juna ta baya, mai shanya ta gaya wa mai zubar da shara. Da la'asar matan suka fara fitowa. Mis Lula ce ta fara isowa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "An ce kin tsaya." Na ce na tsaya. Ta ce, "Ƙanwar Madam ɗina tana neman mai guga ranar Talata. Ba ta da kirki amma ba ta da buroshi." Wata ta ce tana da gidan da ya yi mata yawa ranar Alhamis. Wata ta ɓallo mini rabin burodinta. Kafin bas ta shigo gari makona ya kusa cika. Na yi ajiyar zuciya irin wadda ban taɓa yi ba, sai a lokacin na ji yadda ƙafafuna suka yi tsami.

Buroshin ma bai daɗe ba. A wannan makon mata da yawa suka mayar da nasu ƙarƙashin famfo suka ce ai 'yar Afirkan ma ta daina. Gidan da aka sallami Mis Odesa kuwa ba wadda ta yarda ta karɓa, duk wadda aka yi wa tayi sai ta ce ba ta da sauran rana a makonta. Da Madam ɗin ta gaji da wanke tukwanenta da kanta sai ta bugo waya. Mis Odesa ta ce za ta duba ta gani, ta bar ta ta ƙara kwana biyu, sannan ta sauko ta karɓi mofarta.

Daga baya doka ta canza, kofin da aka ware ya ɓace daga kanta, muka fara shiga ta ƙofar gaba, har na zo na riƙe makullan gidaje na kaina ina koya wa wasu. Saboda haka Nafisa, je ki yi klinin ɗinki, sana'a ce mai kyau, ita ta biya karatun uwarki. Amma ki san abin da za ki yarda da shi tun kafin ki ƙwanƙwasa ƙofa, don duk abin da kika yarda da shi a gida ɗaya, wadda za ta zo bayanki shi za a nema a wurinta.

Ranar da Mis Odesa ta zo karɓar mofar, har ta kai matakala sai ta juyo. Ta ce, "Wannan gaisuwar taku, da gaske kowane babba ake yi wa?" Na ce kowane. Ta ce, "To Lahadi in na dawo daga coci ki hawo ki ci abinci. In an rufe ƙofa ki yi mini, da sanina wannan karon. Ina so in ji yadda abin yake."

Na hau. Tana zaune a kujerarta da hular coci ba ta cire ba. Na rufe ƙofa, na durƙusa a gabanta, na gaishe ta da Hausa yadda ake gaida iyaye, na tambayi kwananta da gajiyarta da lafiyar jikinta, ban rage komai ba. Matar da ta san abin da za ta yi da hannuwanta a kowane gida a Maryland, ran nan ta rasa inda za ta sa su. Ta ɗora su a cinya, ta ɗaga, ta gyara hula. Can ta ɗora ɗaya a kaina, ta bar shi ya daɗe.

Ta ce, "Ya isa haka, 'yar nan. Tashi ki zauna a tebur, abinci zai huce."